Zarton inji don itacen banda: kafin ka biya kuɗi, tambayi man da sarƙar za ta sha

Shekarar da na fara bandar tarwaɗa da ɗan yawa, wani maƙwabcina ya sare tsohon mangwaron gidansa saboda zai yi gini, ya ce in ina so in kwashe. Na nemo wani mai zarton inji muka yi jinga, kafin a kira azahar ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ƙanana yadda za su shiga bakin durom ba wahala. Ina tsaye na ga ya zaro wata tsohuwar gorar lemo cike da baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga mota a gareji, ya tsiyaya a wani ɗan tanki da ke gaban injin. Ban kawo komai a raina ba. Har garin itacen da ya zuba na sa yara suka tattara mini kusan buhu guda, wai ni na samu abin turara hayaƙi a ɓagas.

Da itacen ya bushe na yi banda da shi, ina barbaɗa garin nan a kan garwashi don kifin ya yi ja. Ya kuwa yi ja, gwanin sha'awa. Kwana biyu da kai kaya, sai wata dattijuwa da ta saba sarin kwali biyu a wurina ta aiko jikanta da rabin kwali, ta kuma kira ni a waya.

"Malam, lafiya kuwa? Wannan karon kifinka warin gareji yake yi."

"Haba Hajiya, ai mangwaro ne zalla na sa."

"To mangwaron naka ya sha baƙin mai. Ɓantari ɗaya ka jefa a ruwan zafi ka shinshina."

Na ɓantara, na jefa, na shinshina. Gaskiyarta. Daga ranar na fara shirin sayen nawa injin, kuma na fi wata uku ina zagayen shaguna kafin in fitar da kuɗi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne zarton inji mai shan fetur tankuna biyu gare shi. Ɗaya na fetur ne da aka gauraya da man 2T, wannan a cikin injin yake ƙonewa ya fita ta salansa. Na biyun na man sarƙa ne, shi kuwa ba ya ƙonewa, ba ya komawa ko'ina. Wani ɗan famfo ne ke turo shi cikin kwararon dogon ƙarfen nan da sarƙar ke zagayawa, wanda ni takobi nake ce masa, sai sarƙar ta ɗebe shi, ta zaga da shi, ta watsar. An ƙera injinan ne yadda kafin fetur ya ƙare man sarƙa ma ya kusa ƙarewa, wato a matsakaicin inji duk ciko ɗaya wajen rubu'in lita na mai ya fita ke nan. Mafi yawansa yana bin garin itace ya zube ƙasa, saura ya shafu a fuskar wurin da aka yanka. Mai tsaga katakon rufi ba ruwansa da wannan. Mai banda kuwa, hayaƙin itacen nan zai kwana yana ratsa abin da mutane za su ci.

To amma kafin maganar wane inji, ka fara tambayar kanka ko kana ma buƙatarsa. In bandarka ta ƙarshen mako ce, kifi kilo ashirin ko talatin, ko kai mai tsire ne da ke sayen faskare a wurin masu itace, ajiye kuɗinka. Gatari mai kaifi da zarton hannu irin mai lanƙwasa kamar baka, na inci 24 ko 30, sun ishe ka, kuma ba ɗigon mai ko ɗaya da zai taɓa itacenka. Sai dai ka lura bakin zarton iri biyu ne: akwai mai haƙora ƙanana a jere na busasshen itace, akwai mai giɓi a tsakanin haƙoran na ɗanye. In ka sa na busasshe a ɗanyen mangwaro zai yi ta cijewa har ka ce zarton ne ba kyau. Wanda ya kamata ya yi tunanin inji shi ne mai kududdufan kifi da yake banda duk mako, ko mai sayen itace a tsaye ko kututture-kututture, ko ƙungiyar mata masu banda irin na bakin ruwa, su Yawuri da Nguru da Baga, da za su haɗa kuɗi su sayi ɗaya su ɗauki yaron da zai riƙe musu. Haya ma hanya ce, in sau biyu ko uku a shekara kake yanka. Sharaɗinta ɗaya: kai za ka kawo man sarƙa, a zubar da nasa a gabanka, ya fara yanka wani itacen daban har baƙin ya wanke. Wasu masu injin za su yi maka kallon mai tsirfa. Ƙyale su, kuɗinka ne.

In ka shiga shagon injina a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka ce kana son zarton inji, abin da za a fara nuna maka shi ne ƙaton nan Stihl 070 na Jamus, ko kwaikwayonsa na Sin. Shi masu tsaga katako a dazukan Taraba da Kudu suka sani, kuma ya cancanci sunan da ya yi, don inji ne mai cc 105 da ɗoriya (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji) wanda zai wuni yana tsaga maɗaci bai gaji ba. Amma nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa takobi ba, yana shan fetur kamar rijiya, yana jijjiga hannu har yatsu su mutu, kuma yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa ba su da birkin sarƙa. Yanka reshen da bai fi cinyar mutum ba da wannan inji, ɗaukar raƙumi ne don kai kwano ɗaya niƙa. Mai shagon zai ce maka, "Alhaji, babba shi ne maganin komai." Shi ba shi zai riƙe shi a ranar bazara ba.

A ɗaya gefen akwai ƙanana irin MS 180 na Stihl, mai cc 32 ba kaɗan, nauyinsa wajen kilo 4, da takobi inci 14 ko 16. Yana da daɗin riƙo, ba ya cin mai, kuma ga rassan mangwaro da gwaiba da lemo ba shi da laifi. Sai ka kai shi ga busasshiyar ƙirya ko tsohon kututturen tsamiya za ka ji yana nishi. A ganina wurin mai banda yana tsakiya, tsakanin cc 45 zuwa 60, da takobi inci 16 ko 18. MS 250 na wannan aji ne, Husqvarna ta ƙasar Suwidin ma tana da irinsu. Takobi inci 18 zai raba gungume mai kaurin kusan ninki biyunsa in ka yanka ta nan ka zaga ka yanka ta can. Kada a ruɗe ka da tsawon takobi. Dogon takobi a kan ƙaramin inji ƙarin haƙoran da za ka wasa ne kawai, da ƙarin man da zai watsu.

Sai 'yan Sin, waɗanda aka fi sani da lamba 5200 da 5800, wato cc 52 da 58, suna zuwa da sunaye da launuka kala-kala amma cikinsu kusan ɗaya ne. Kuɗinsu bai kai rabin na Jamus ba, wani lokacin ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Ba zan hana kowa saye ba, don da shi na fara. Alherinsu shi ne kayan gyara a ko'ina: fistan, kafireta, kuloci, igiyar tayarwa, duk da araha, kuma duk makanikin da ya iya ƙaramin janareta zai iya buɗe shi. Aibinsu kuwa sanannu ne. Robar murfin tayarwa na saurin karyewa, sarƙar da suke zuwa da ita tana miƙewa cikin kwanaki, sannan tankin man sarƙa yakan yi yoyo in an ajiye, ka wayi gari ka tarar da tabo a ƙasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka sayi sarƙa mai kyau ta Oregon ko Stihl ka canja tun ranar farko, injin zai zama wani abu daban. Abin da nake ƙi shi ne jabu, wato ɗan Sin da aka shafa wa fenti mai launin ruwan lemo da fari aka manna masa sunan Stihl ana sayarwa da kuɗin tsaka-tsaki. Gara wanda ya faɗi sunansa na gaskiya. Na asali yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, ba a takardar da aka liƙa kaɗai ba, kuma dillali na gaskiya zai rubuta maka lambar a rasit. In ka ji tsofaffin ma'aikata suna cewa Dolmar, wani kamfanin Jamus ne da Makita ta ƙasar Japan ta saya a 1991, ita kuma Makita ta daina ƙera masu shan fetur tun 2022, saboda haka wanda aka ce maka sabo ne fil a kwali, sai ka ƙara buɗe ido.

Gaurin fetur yana kashe injina fiye da aiki. Stihl da Husqvarna sun ce 50 da 1 in da man 2T mai kyau ne, wato mililita 100 a lita 5. Yawancin 'yan Sin littafinsu ya ce 25 da 1, wato ninki biyun haka. Bi abin da naka littafin ya ce, ka auna da sirinji, kada ka bi "zuba murfi biyu" na yaron shago. Kada ka haɗa abin da zai wuce wata guda a jarka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koyi lissafin lita, amma rowar 2T ba tattali ba ce, fistan ne zai kama.

Mai aiki da wutar lantarki fa? In itacenka gida ake kawo maka, a tsakar gida kake yanka, wannan ya cancanci dubawa. Ba ruwanka da gaurin fetur, ba kafiretar da za ta toshe, ba hayaƙin salansa da ke busawa kan itace, maƙwabta kuma ba za su kawo ƙararka ga mai unguwa ba. Yawancinsu wat 1800 zuwa 2200 ne, da takobi inci 14 ko 16, kuma kuɗinsu bai kai na mai fetur na kirki ba. Matsalar ita ce wutar. Ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da talabijin ko motsa shi ba zai yi ba, sai mai kVA 3 zuwa sama, kuma in wutar NEPA ta zo da rauni kana matsa masa, kwayil ɗinsa ne zai ƙone. Waya ma sai mai kauri, ba siririyar nan ta cajin waya ba. Mutane da yawa suna ɗauka tunda ba ya shan fetur to ba ya shan mai. Yana sha. Tankin man sarƙa na nan a jikinsa kamar kowane.

Masu batir sun zo da kyau ga mai sola, ba ƙara, ba jan igiya, danna ka yanka. Sai dai tsadarsu a batir take, kuma batir 18V mai 5Ah ba zai kai ka nisa a busasshen marke ba, sai kana da biyu ko uku kana musanyawa. Zafi ma abokin gabarsu ne, a watan Afrilu batir kan yi zafi ya yanke aiki har sai ya huce. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin nan na inci 4 da 6 da ake tallarsu a Facebook da TikTok, ana riƙe su da hannu ɗaya. Za ka ga an rubuta 48VF ko 88VF a jikin batir, alhali a ciki ƙwayoyi biyar ne masu ba da kusan 20V, sauran ado ne. Ba su da ƙarfin raba gungume, amma suna da wani amfani ga mai banda: da yawansu ba su da tankin mai, kai ne kake ɗiga wa sarƙar da hannunka, don haka kai ke zaɓen abin da za ka ɗiga da yawansa. Ga rassan gwaiba masu kaurin damtse sun wadatar. Wanda ya fi su tsabta shi ne zarton lantarki mai kai-da-komo, wanda bakinsa ke shiga yana fita kamar na hannu. Ba sarƙa, ba mai sam. A sa masa baki mai manyan haƙora na inci 9 ko 12, ya yi ta gutsura maka ƙananan guntaye. Ba shi da sauri, yana girgiza kafaɗa, amma in guntayen ɗorawa kan garwashi kake so, ban ga na biyunsa ba.

Yanzu ga maganar man, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Baƙin man juye ba ya cikin lissafi ko kaɗan. A cikinsa akwai ɓurɓushin ƙarfe da ragowar ƙonannen fetur da duk dattin da injin mota ya tara a wata uku. Kamfanin Stihl da kansa ya rubuta a littafin injinansa cewa kada a yi amfani da shi, yawan taɓa shi ma na iya jawo cutar dajin fata, balle a turara wa abinci. Yana kuma cinye famfon man. Masu haya suna zuba shi ne don kyauta suke samu. Sabon man inji na galan ya fi shi tsabta, amma shi ma an cika shi da sinadaran da aka yi don cikin inji, ba don wuta ba. Man sarƙa na musamman da kamfanonin ke sayarwa yana da danƙo, yana manne wa sarƙa, shi ya fi kare takobi, sai dai asalinsa daga ɗanyen man fetur ne. Akwai wanda aka yi da man tsirrai, irin su BioPlus na Stihl, wanda Turawa suka ƙirƙiro don kada a ɓata ƙasar daji. In ka samu kuma aljihunka ya ɗauka, shi ne zaɓi na farko. Samunsa ne aiki.

Ni dai man gyaɗa nake zubawa, wanda aka tace sosai, ba mai tsaki-tsakin ƙuli ba, don tsakin zai toshe famfo. Na gwada na waken soya, yana yi, amma ya fi saurin yin ƙaro in injin ya kwana biyu a ajiye. Manja kuwa kada ka fara. Da safiyar hunturu zai daskare a tanki, ka yi ta yanka sarƙa a bushe ba ka sani ba sai ka ga takobi ya yi shuɗi. Man girki ba shi da danƙon na kamfani, yana saurin watsewa, saboda haka ka riƙa leƙa tankin, in kuma injinka na da ɗan sukurun daidaita mai a ƙarƙashinsa ka buɗe shi sosai. Takobi da sarƙa za su ɗan fi saurin cinyewa, dillali kuma zai iya cewa garantinka ya faɗi. Na yarda da wannan asarar. Babban sharaɗi shi ne kada ka ajiye inji da man gyaɗa a cikinsa fiye da mako ɗaya ko biyu. Juye shi, ka cire sarƙa ka goge, ka kankare kwararon takobi da tsinken waya. Na taɓa barin nawa tun farkon damina har kaka, na dawo na tarar sarƙar ta sandare kamar an zuba mata ƙaro, ɓera kuma ya gwaigwaye murfin tankin saboda ƙamshi. Kafin ka fara aiki kullum, nuna bakin takobi ga wani kwali, ka ba shi wuta kaɗan. In ka ga siririn layin mai ya fesu, famfo na aiki.

Ko da wane mai ka zuba, yadda kake yanka ya fi komai rage shi. Ɗauki gungume mai tsawon mita 2. In ka yayyanka shi santimita goma-goma kamar yadda na sa aka yi wa mangwarona, yanka 19 ke nan, fuska 38 da sarƙa ta lasa. In ka yi shi rabin mita-rabin mita, yanka 3 ne, fuska 6, sauran aikin gatari ne, kuma duk inda gatari ya faskara mai bai taɓa ba. Garin da zarton inji ya zubar kuwa kada ya kusanci murhunka, a nan man yake taruwa. Haka garin da ake kwasowa daga masu yankan katako, ba ka san me aka yanka ba, ba ka san me aka shafa masa ba. In za ka hura, bar itacen ya ci ya faɗi ya zama garwashi kafin ka ɗora raga, ɗan abin da ya shafu a baki zai ƙone a harshen wutar farko.

Kada kuma in sa ka ɗauka mai ne kaɗai abin tsoro. In da man tsabta ka yanka, ka faskara, abin da zai kai ga kifin ƙalilan ne in an kwatanta da illar ɗanyen itace mai baƙin hayaƙi, da kitsen tarwaɗa da ke ɗiga cikin wuta yana tashi. Daga nan ne sinadaran hayaƙi masu haɗari suka fi fitowa. Tarayyar Turai ta ƙayyade ɗaya daga cikinsu, benzopayirin, kada ya wuce maikirogiram 2 a kilon kifin banda tun 2014, shi ya sa masu son fitar da kaya waje suke komawa ga murhun banda irin FTT da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ɓullo da shi a Senegal, mai farantin tare kitse. Wannan zance ne na wata rana.

Itacenmu na Arewa yana da tauri da ƙura, wannan ya shafi irin sarƙar da za ka saya. Marke shi ne sarkin itacen wuta, ƙirya kuwa maƙera ma ita suke nema don garwashinta, ga tsamiya da bagaruwa da kanya, dukansu in sun bushe dutse ne, ɓawonsu kuma cike da yashin da iskar hunturu ta cusa. Nemi sarƙa mai haƙora masu ɗan zagayayyen kusurwa. Mai kusurwa tsaye ta fi gudu a ɗanyen itace mai tsabta, amma yashi kaɗan ya dakusar da ita. Sayi sarƙa biyu da magagari zagayayye daidai da ita tun a shagon: milimita 4 ga ƙananan injina, 4.8 ga sarƙa mai lamba .325, 5.2 ko 5.5 ga babbar mai lamba 3/8. Mai kaifi tana fitar da ɓarzajjen gari kamar tsakin masara, in ka ga laushi kamar garin tuwo ta dakushe, tsaya ka wasa. Dakusasshiyar sarƙa tana daɗewa a cikin yanka, tana zafi, tana ƙara zuba mai a wuri ɗaya. In da hali ka yanka itace tun yana ɗanye, bayan kaka, ka faskara, ka jera a kan duwatsu saboda gara, kafin bazara ta ƙare ya bushe. In ka buga biyu suka yi ƙara ƙwal, sun yi.

Mangwaro da gwaiba da lemo hayaƙinsu mai sanyi ne, sun dace da kifi. Darbejiya tana ko'ina kuma wasu na amfani da ita, amma ni ina jin ɗaci-ɗacinta, musamman da ɓawo. Itacen turare kan sa kifi warin man zafi. Gwaska guba ce, tinya da tumfafiya ma masu farin ruwan nan a bar su inda suke. Tsohon katakon rufi da aka shafa wa maganin gara, turakun wutar lantarki, katakon layin dogo, ƙofa mai fenti, falankin kaya mai tambarin MB, wato wanda aka turara wa maganin ƙwari, duk ba na abinci ba ne ko da kyauta ne. Sannan mallakar inji ba izinin sara ba ne. Tsayayyen itace sai da takardar ma'aikatan gandun daji, a Nijar gawo na cikin waɗanda doka ta kare, a Gana kuwa tun 1998 shi kansa injin sai an yi masa rajista a hukumar gunduma. Ɗorawa da kaɗanya masu 'ya'ya kuma, abin da matan ƙauye ke samu a jikinsu duk shekara ya fi kifin da za ka kyafe da su.

Ranar saye kada ka karɓi kwali a rufe. A haɗa shi a gabanka, a zuba mai, a tayar. Ya tsaya da kansa yana ƙara ba tare da sarƙa na juyawa ba. Tura marikin birki gaba ka ba shi wuta, sarƙar kada ta motsa. Birkin nan shi ne tsakaninka da asibiti ranar da saman bakin takobi ya taɓa wani abu injin ya yi tutsu ya harbo sama wajen fuskarka, kuma abin yana faruwa ne kafin ƙiftawar ido. In wanda aka riga aka yi amfani da shi ne, ɗaga shi da igiyar tayarwa kaɗai: in ya zurare ƙasa da sauri matsinsa ya tafi, in ya sauka da tsaye-tsaye yana da sauran rai. Cire salansa ka leƙa fistan, in ka ga zane-zane a tsaye an taɓa tuƙa shi ba 2T. Buɗe tankin man sarƙa ka sa yatsa. Kusan kullum baƙi za ka gani, sai ka shirya wanke shi da cinye tanki biyu na man gyaɗa a kan itacen da ba na banda ba.

Cikin kuɗin da ka ware, bar na tabarau da abin toshe kunne da safar hannu da takalmi mai rufi, don ƙarar injin fetur ta haura desibel 100. Babbar riga da hirami da rawani a rataye su a ɗaki, silifas ma haka. Kada ka sa yaro ya taka maka gungume da ƙafa. Gicciya sanduna biyu-biyu ka ɗaure, ka ɗora itacen a kai, sarƙa ba za ta taɓa ƙasa ba, ba wanda zai tsaya kusa. Yaran unguwa kuwa da sun ji ƙara za su taru, ka sa wani babba ya kore su nesa kafin ka ja igiya.

Ɗan Sin ɗina ya yi mini shekara biyu da 'yan watanni kafin in sayar in ƙara kuɗi in ɗauki mai cc 45 da takobi inci 16. Galan ɗin man gyaɗansa daban yake, na rubuta "na inji" a jikinsa bayan da uwargida ta taɓa soya ƙosai da rabinsa. Ba na ba da shi aro, don na san abin da za a zuba masa kafin ya dawo. Hajiya har yanzu tana sarin kwalinta biyu, kuma har yanzu sai ta ɓantari ɗaya ta shinshina kafin ta ƙirga kuɗi.